Allurar barci da allurar kashe wuri, daga ina suka fito?



A shirin lafiya na makon jiya wata baiwar Allah ta kira mu, ta ce ƙanwarta ta kwana biyu tana naƙuda, likita ya ce sai an yi fiɗa, amma dangin miji suka tsaya kai da fata wai ba za a yi mata allurar barci ba, don sun ji ba duk wanda aka yi wa ke tashi ba. Sai da gari ya waye suka yarda. An samu uwar, ba a samu jaririn ba. Layi ya katse kafin mu ba ta amsa, kuma ko bai katse ba, minti biyar ɗin da ya rage mana ba zai isa ba. Shi ya sa muka kawo maganar nan, inda babu mai nuna mana agogo ta bayan gilashi.

Tsoron nan na dangin ba daga sama ya faɗo ba. An yi zamanin da ake shaƙa wa mutum magani ya tafi ke nan. Abin da ya raba wancan zamani da namu abu biyu ne, awo da sa ido, kuma sai mun bi tarihin za a ga yadda aka same su.

Mu fara daga gida. Wanzami na yi wa yaro kaciya, yana cire beli, yana ƙaho. Maɗori na ja ƙashin da ya karye ya mai da shi wurinsa. Maganin zafin duka dauriya ce, sai ƙarti biyu su riƙe mutum. Har muka mai da abin ado: mai haihuwar fari ta yi kuka, abin kunya ne. To kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A 1811, a birnin Paris, babban likitan sojan Napoleon, Dominique Larrey, ya yanke wa marubuciyar Ingila Fanny Burney nono saboda ciwon daji, idonta biyu, ba abin da aka ba ta sai ɗan ruwan inabi. Ta rayu kusan shekara 30 bayan haka, kuma wasiƙar da ta rubuta wa yayarta a kan wannan rana tana nan har yau. A wancan lokaci gwanin likita shi ne mai sauri. Robert Liston na Landan ya yi suna ne don yana raba mutum da ƙafarsa cikin ƙasa da minti uku. Buɗe ciki kuwa a yi aiki a natse, ba a ma tunaninsa.

Ba wai ba a san tsirrai masu gusar da hankali ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin afyun a littafinsa Al-Ƙanun, wato ƙaron wani fure da ke sa barci ya kashe zafi. A Japan kuma, wani likita mai suna Hanaoka Seishu ya shafe kusan shekara 20 yana haɗa wani jiƙo, har a watan Oktoba na 1804 ya cire wa wata mata mai shekara 60 ciwon daji a nono tana barci. Kun san babban abin da ke cikin jiƙon? Zaƙami ne, wannan dai da ke tsirowa a bakin jujinmu, wanda muke ce wa haukata-yaro. Ana ba da labarin cewa matarsa ta makance wajen gwaji. Matsalar tsiro ke nan: ganyen bana da na bara ba ƙarfinsu ɗaya ba, na fadama da na tudu ba ɗaya ba. Kashin da ya sa wannan barci, shi zai kashe wancan.

Wani yaron kantin magani a Jamus, Friedrich Sertürner, shi ya fara buɗe ƙofar awo. Wajen 1804 zuwa 1805 ya tace afyun ya fitar da tsantsar sinadarin da ke aikin, daga baya ya raɗa masa sunan Morfiyus, abin bautar mafarki na Girkawan da. Morfin ke nan. Daga ranar ana iya ɗora magani a sikeli a ce miligaram kaza. A 1853 Charles Pravaz a Faransa da Alexander Wood a Sukotilan suka fito da sirinji mai allura, aka samu hanyar sa shi cikin jiki kai tsaye.

Barcin fiɗa kuwa daga hannun masu cire haƙori ya zo. A Amurka, Horace Wells ya gwada wata iska da ake kira iskar dariya a ƙarshen 1844, ya sa aka cire masa haƙori bai ji ba. Da ya je nunawa gaban ɗaliban likita a Boston, mara lafiyar ya yi ƙara, aka yi masa ihu. Tsohon abokin aikinsa William Morton ya dawo da wani ruwa mai saurin tashi, eter. Ran 16 ga Oktoba 1846, a babban asibitin Massachusetts, ya shaƙa wa wani saurayi Gilbert Abbott, likita John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya, saurayin ya farka ya ce bai ji zafin yanka ba. Kafin shekara ta ƙare Liston ya yi aiki da eter a Landan. Ku tuna babu rediyo, jirgin ruwa ne ya ɗauki labarin. (Wani likitan ƙauye a jihar Jojiya, Crawford Long, ya riga su tun 1842, amma bai rubuta ba sai 1849. Wanda bai shelanta ba, wani ke cin sunan. Mu ƴan jarida mun san wannan.)

A 1847 James Simpson na Edimbura ya kawo kuloroform, ya fara ba mata masu naƙuda. Ya fi eter daɗin shaƙa da sauri. Wata uku ba su cika ba aka yi rashin farko. Hannah Greener, yarinya ƴar shekara 15 a kusa da Newcastle, an zuba mata kuloroform a kan ƙyalle don a cire mata farcen ƙafa, a Janairun 1848. Cikin ƴan mintuna ta cika. Farce fa! Daga nan aka yi ta samun irin wannan, don zubawa ake a ƙyalle da ƙiyasin ido, kuma kuloroform na iya tsai da zuciya nan take. Maganar dangin nan, in a wancan zamani suka yi ta, gaskiyarsu ce.

Wanda ya ɗauki abin da muhimmanci shi ne John Snow, likitan Landan. Ya auna yawan tururin da ke shiga huhu, ya ƙera na'urar shaƙa, ya rubuta matakan da mutum ke bi daga magagi zuwa barci mai nauyi zuwa bakin mutuwa. Ya mai da abin sana'ar mutum guda wanda ba ya riƙe wuƙa, aikinsa kawai kallon numfashi da bugun jini. Shi ya ba Sarauniya Biktoriya kuloroform a 1853 wajen haihuwar ɗanta na takwas, kuma hakan ya rage bakin masu cewa wahalar naƙuda ba a taɓa ta. Wancan ma'aikaci da kuke gani zaune wajen kan mara lafiya a bulok, wanda dangi ba su ma san sunansa ba, magajin Snow ne. Yau ba a aiki da kuloroform kwata-kwata.

A nan sai mun ɗan tsaya mu ga yadda zafi ke tafiya, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Mu ƴan rediyo abin bai yi mana wuya ba. Rauni shi ne situdiyo, nan ake haɗa saƙo. Jijiya ita ce wayar da ke ɗaukarsa zuwa lakar baya, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa, wadda ita ce akwatin da ke kamawa. Zafi ba ya zama zafi sai ya isa can. To ana iya rage muryar tun daga situdiyo, ana iya yanke waya a hanya, ana iya kashe akwatin gaba ɗaya. Eter da kuloroform akwatin suke kashewa. Haɗarin shi ne, wurin da ke ba huhu umarnin numfashi shi ma a cikin akwatin yake.

Yanke waya a hanya, wani matashin likitan ido a Biyana, Carl Koller, shi ya gano a 1884. An daɗe da sanin cewa koken, wanda aka tace daga ganyen koka na Kudancin Amurka wajen 1860, yana kashe harshe in an ɗanɗana. Koller ya ɗiga a idon kwaɗo, sannan a nasa idon, ya taɓa da kan allura, bai ji komai ba. E, koken ɗin da kuke ji ana kamawa a hanyar hamada, shi ne maganin kashe wuri na farko a duniya. Kuma tun a lokacin ya nuna ɗayar fuskarsa: William Halsted, babban likitan fiɗa na Amurka da ya gwada shi a jijiyoyin jikinsa, ya kamu da jarabarsa, ya yi fama har ƙarshen rayuwa. Sai masana suka shiga neman mai aikin koken ba tare da jaraba ba. Aka samu purokayin a Jamus a 1905, sannan lidokayin da Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, wanda ma'aikatanmu suka fi sani da Xylocaïne.

Aikinsa mai sauƙin ganewa ne. Saƙo na gudu a jijiya ne ta wasu ƙananan ƙofofi da sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri, ke shiga. Maganin na toshe ƙofofin, saƙo ya tsaya nan. Siraran jijiyoyi masu ɗaukar zafi su ke fara mutuwa, masu kauri na taɓi suna daɗewa. Shi ya sa in ana ɗinke maka rauni ko cire haƙori kake jin ana ja ana dannawa amma ba zafi, kada ka ce allura ba ta kama ba. Shi ya sa kuma ba ta cika kamawa a maruru mai mugunya ba, don tsamin wurin na hana maganin ratsawa. In majo ya tsaga maka maruru ka ji a jikinka, ba lalle mugunta ba ce.

Yanzu ga wadda ta shafi ƙanwar mai kiranmu. A watan Agusta na 1898, a garin Kiel na Jamus, August Bier ya zuba koken a cikin ruwan da ke kewaye da lakar baya, rabin jikin mara lafiya na ƙasa ya mutu, aka yi masa aiki a ƙafa yana farke. Bayan ya yi wa mutum shida, shi da mataimakinsa Hildebrandt suka ce bari su gwada a kansu. Na Bier bai yi ba, sirinji bai dace da allura ba, ruwan bayansa ya zube. Na Hildebrandt ya kama, Bier ya yi ta dukan ƙaurinsa da guduma, yana ɗana masa wutar sigari, bai ji ba. Suka yi shagali da dare. Washegari ciwon kai ya kwantar da su, Bier ya yi kwana tara a gado. Wannan ita ce allurar baya da muke ji ana ce wa rashi.

Da ita ake yin galibin fiɗar haihuwa a yau in babu wani dalili da ya hana. Ma'ana, matar da ake tsoron ba za ta tashi ba, sau da yawa ba a ma sa ta barci. Tana numfashi da kanta, tana amsa tambaya, tana jin kukan jaririnta na farko. Masu cewa allurar na shanye ƙafa, ga abin da ya kamata su sani: lakar baya a jikin babba tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuwa ƙasa da nan ake sa ta, inda sai ruwa da zaren jijiyoyi. Ƙafafu na yin nauyi awa biyu ko uku su dawo. Abin da ya fi faruwa shi ne tansiyo ya sauka, don haka ake sa ƙarin ruwa ana ta aunawa, sai kuma ciwon kan nan na Bier, wanda siraran allurai na yanzu suka rage shi ƙwarai. Tun 2005 gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce a Nijar. Kowa ya san kyautar ba kullum take cika ba, wannan maganar wata rana ce. Amma kwana biyu na naƙudar da ta tsaya ya fi allurar baya haɗari nesa ba kusa ba, ga uwa da ɗa duka, kuma da yawan masu yoyon fitsari daga irin wannan jinkiri suka samo shi.

Tsakanin farke da barci mai nauyi akwai matakai, wato kwantar da hankali. Ana ba mutum diyazefam, wanda ya fito a 1963 da sunan Valium, ko midazolam, ya yi lamo, tsoro ya tafi, wani lokaci ma ya manta abin da aka yi masa. Waɗannan ba sa kashe zafi, shi ya sa ake haɗa su da allurar kashe wuri. Matakan ba su da katanga tsakaninsu, ƙari kaɗan sai mai gyangyaɗi ya zarce ya daina numfashi. Mawaƙin Amurka Michael Jackson ya rasu ran 25 ga Yuni 2009 da furofofol, farin ruwan nan kamar madara da ake sa wa dubban mutane kullum a asibitoci su tashi lafiya. Shi a ɗakin kwanansa aka ba shi, babu kayan sa ido da suka kamata, likitan kuma ya fita. Kuɗinsa bai tsare masa numfashi ba. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa yana ƙara, wanda ya samo asali daga aikin injiniyan Japan Takuo Aoyagi a farkon shekarun 1970, shi ke faɗin iskar jini ta ragu tun kafin leɓe ya sauya launi.

Ketamin kuma, wanda Calvin Stevens ya haɗa a 1962, ya zama gatan asibitocin karkara a Afirka, don galibi yana barin mutum ya yi numfashi da kansa, tansiyo bai faɗi ba, ko da wuta ta ɗauke. Aibinsa mafarkai da sambatu wajen farkawa. In kun ga ɗan'uwanku ya fito daga bulok yana surutai, ba iska ba ce, kada a ɗauko turare. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokarsa saboda masu shaye-shaye, hukumar lafiya ta duniya da likitocin ƙasashe matalauta suka ce hakan zai rufe ɗakunan fiɗa da yawa, aka jingine maganar.

Akwai laifin da mu dangi muke yi da kanmu. An ce kada mara lafiya ya ci komai, sai gwaggo ta ɓoye kofin kunu a ƙarƙashin mayafi, wai ya samu ƙarfi. A 1946 likita Curtis Mendelson na New York ya yi bayanin matan da abin cikinsu ya koma huhu suna cikin barcin haihuwa. Mai barcin magani ba ya tari, ba ya haɗiya, ruwan ciki kuwa tsami gare shi mai ƙona huhu. Awa shida ba abinci kafin fiɗar da aka tsara, daga nan ƙa'idar ta fito, kuma kunu da fura abinci ne. In an riga an sha, a faɗa, akwai dabarar da za su yi.

Ƙwayoyin rage zafi na yau da kullum ba za mu daɗe a kansu ba. Asfirin ya shiga kasuwa a 1899, amma sai 1971 John Vane ya gano yana hana jiki ƙera sinadaran da ke hura zafi da kumburi a wurin rauni, wato rage murya tun daga situdiyo. Ibufurofen da dikulofenak danginsa ne, kuma sinadaran da suke hanawa su ne masu kare ciki da ƙoda, don haka mai gyambon ciki ya kiyaye. Farasetamol ya fi sauƙi ga ciki, amma babba ya wuce giram 4 a yini yana taɓa hanta.

Dangin morfin su ne namu abin kuka. A 1973 aka gano ƙwaƙwalwa na da wasu makullai da morfin ke buɗewa, a 1975 aka gano jiki da kansa na ƙera mabuɗinsu. Yawan buɗewa daga waje sai jiki ya saba, ya nemi ƙari. Kamfanin da ya fito da asfirin shi ya sayar da heroyin daga 1898 a matsayin maganin tari. Taramadol, da aka haɗa a Jamus a 1962 aka fara sayarwa a 1977, shi ne tramol ɗinmu. A asibiti miligaram 50 ko 100 ake ba mutum, ba a wuce 400 a yini. Na bisa tire da na fada akwai mai 200, mai 225, ɗan kabu-kabu ya watsa biyu ko uku a shayi, har wata rana ya faɗi yana jijjiga a kan babur. A 2013 wasu masana a Faransa suka sanar cewa sun samu taramadol a cikin saiwar tafashiya daga arewacin Kamaru, aka yi ta murna wai itace na ƙera shi. Shekara guda bayan haka wasu masana a Jamus suka nuna cewa manoma ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa, fitsari ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa.

Ga inda wannan ya haɗu da bulok. Wanda jikinsa ya saba da tramol, kashin da ake ba kowa bayan fiɗa ba zai riƙe shi ba, kuma in an yanke masa kwatsam zai shiga wani hali. Mai sa barci in ya tambaye ka me kake sha, ba ɗan sanda ba ne, awo yake nema. Tramol, sifirin tari, jiƙo, duk a faɗa masa.

Abin takaicin kuma, a ƙasar da tramol ya fi goro sauƙin samu, tsohuwa mai ciwon daji ko yaro mai amosanin jini na iya kwana yana ihu babu morfin a kusa. Wani babban rahoto na mujallar likitoci Lancet a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin ɗin da ake rabawa a duniya. Ba tsada ba ce, garin morfin na da araha. Dokoki ne masu tsauri, da tsoron ma'aikata, da tsoron dangi. Yuganda ta bi wata hanya: daga 1993 likita Anne Merriman ta fara dama garin morfin da ruwa ana zubawa a gorunan roba ana kai wa marasa lafiya har gida, a 2004 kuma gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, don likitoci ba su isa ƙauyuka ba.

Baiwar Allah da kika kira mu, Allah ya ba ƙanwarki lafiya, ya sa mai ceto ne. In kina karanta wannan, ki sake kiran layin ranar shiri, za mu ajiye miki minti goma na farko.